Gwaggona Na So Ta Dawo Waƙa da Kiɗan Disko: Za Ta Ci a Damagaram?

"Malam, barka da aiki. Ina da gwaggo, ƙanwar mahaifina, wadda ta yi suna da waƙa a nan Damagaram tun zamanin samariya. Ta fi shekara ashirin ba ta riƙe mikro ba. Yanzu ta haura sittin, ta sauke farali, tana da jikoki. Ni ina taɓa fiyano, kuma na ga yadda wasu tsofaffin mawaƙan Turai suka farfaɗo da sunansu da kundin disko na rawa. Na kawo mata shawarar mu yi irinsa, waƙa goma. Ita ta yarda, amma ƴaƴanta suna jan ƙafa. Me ya sa wannan dabara take ci a can, kuma za ta ci a nan?"

Ƙanena, sannu da ƙoƙari, kuma a gaida Hajiya. Idan na fahimce ka, abu biyu kake nema: dalilin da ya sa mawaƙin da aka fara mantawa da shi yakan dawo ta ƙofar kiɗan rawa, da kuma ko ƙofar nan a buɗe take ga mace ƴar sittin da wani abu a garin nan. Sana'ata ɗaukar murya ce a sitidiyo da kai kayan sauti gidajen biki, don haka daga nan zan amsa maka. A taƙaice: za ta iya ci, amma ba da waƙa goma ba, kuma ba idan ka ɗauko kiɗan Turawa yadda yake ka ɗora Hajiya a kai ba.

Abin da ake kira disko, da dalilin da tsofaffi suke komawa gare shi

Disko ya taso ne a gidajen rawa na birnin New York a Amurka a farkon shekarun 1970, galibi a hannun baƙaƙen fata da ƴan asalin Latin Amurka. Ƙashin bayansa abu ɗaya ne: babbar gangar ƙafa tana faɗuwa sau huɗu daidai wa daida a kowane zagaye, dum, dum, dum, dum, ba ta tsallake ba ta jinkiri, tsakanin bugu 110 zuwa 130 a minti ɗaya. A tsakanin bugu da bugu akwai ƙaramin faifan ƙarfe mai cewa tsi, tsi. Sai gitar bas da ke yawo a ƙasa, sai goge irin na Turawa da bushe-bushe a sama. Afirka na da hannu a ciki tun farko, domin faifan Soul Makossa da Manu Dibango ɗan Kamaru ya yi a 1972 yana cikin waɗanda masu sa faifai na New York suka fara tayar da fili da su. Mu kuwa a ƙasar Hausa, yawancin mutanen zamanin Hajiya ta hanyar finafinan Indiya suka san shi, musamman Disco Dancer na 1982. Ka riƙe wannan, domin yana nufin kunnen tsararta ba baƙon kiɗan ba ne.

A Amurka kasuwarsa ta faɗi da sauri. Ranar 12 ga Yuli 1979 aka tara faifan disko a wani filin wasa a Chicago aka tarwatsa su a gaban dubban mutane, kamfanoni suka fara gudun sunan. Amma bugun nan huɗu bai mutu ba, ya koma cikin kiɗan kwamfuta na gidajen rawa, kuma shi ya sa duk bayan ƴan shekaru sai wani ya sake tono shi.

Misalan da ka gani gaskiya ne. Cher tana da shekara 52 ta fito da Believe a 1998, ta kai lamba ɗaya a Amurka da Ingila. Madonna, bayan kundinta na 2003 bai samu karɓuwar da ta saba ba, ta dawo a Nuwamba 2005 tana da shekara 47 da Confessions on a Dance Floor, wanda aka jera waƙoƙinsa a haɗe ba tsayawa, kamar yadda mai sa faifai yake yi a fili. Kylie Minogue ta fitar da nata mai suna Disco a Nuwamba 2020 tana da shekara 52, ta ɗauki muryarta da yawa a gida saboda kullen korona, kuma da shi ta zama mace ta farko da ta samu kundi mai lamba ɗaya a Ingila a cikin kowane goma na shekaru har sau biyar a jere.

Me ya sa yake musu aiki? Babban dalili na murya ne, kuma shi ne wanda mutane ba su cika lura da shi ba. Idan shekaru suka ja, numfashi yana gajarta, saman murya yana raguwa, jan sauti mai tsawo yana fara rawa. Waƙa mai sanyi a hankali tana tona duk wannan, domin murya ce kaɗai a fili. Kiɗan rawa kuwa gajerun jimloli yake so, masu maimaituwa, a tsakiyar murya inda tsoho yake da ƙarfi, kuma ganga da bas suna ɗauke rabin nauyin. Dalili na biyu, kiɗan yana kama tsara biyu lokaci ɗaya: manya suna jin ƙuruciyarsu, yara suna jin abin takawa. Amma ka lura da wani abu. Waɗannan mata ba su taɓa yin shekara ashirin ba sa waƙa ba. Sun yi sanyi ne a kasuwa kawai, muryarsu na cikin aiki, kuma a bayansu akwai kamfanoni da kuɗin talla. Dukkansu kuma da kiɗan rawa aka san su ko aka saba jin su, gida suka koma. Hajiya ba da disko aka san ta ba. Tambayar da ya kamata ka yi ita ce: mene ne gidan Hajiya da za ta koma?

Inda bugun disko da waƙar Hausa suke karo

Nan ne aikin yake, kuma nan ne samari masu fiyano suka fi faɗuwa. Da yawa daga kiɗanmu, na ƙwarya da na kalangu da wanda ƙungiyoyin samariya suke rawa da shi, tafiyar uku-uku yake yi a cikin kowane taki. Disko biyu-biyu ko huɗu-huɗu yake rabawa. Idan ka ɗauko tsohuwar waƙar Hajiya da aka gina kan uku ka tura ta cikin huɗu, gaɓoɓin kalmomin za su matse a wani wuri su saki a wani. Hausa kuma harshe ne da tsawon wasali da hawa da saukar murya suke ɗauke da ma'ana. Mawaƙiya irin Hajiya ba ta taɓa karanta wannan a littafi ba, amma bakinta ya sani, kuma za ka ga tana tuntuɓe a baitin da ta rera sau dubu. Kai sai ka ce tsufa ne, alhali kiɗan ne ya hana ta wurin ajiye kalma.

Na ga haka da idona. An kawo mini wata dattijuwa zabiya da kiɗan da aka riga aka gama a kwamfuta, aka sa mata abin ji a kunne. Ta shiga baiti, ta fita, ta sake shiga, tana ta riga kiɗan ko tana binsa a baya. Yaron da ya yi kiɗan ya fara ƙirga mata da yatsa, abin da bai kamata yaro ya yi wa babba ba. Na kashe kiɗan, na ce a kawo ƙwarya da ƴan amshinta biyu. Ta zauna a tabarma, ta kifa ƙwaryar, ta fara bugawa da kanta, waƙar ta zauna daram. Wannan muka ɗauka. Daga baya na auna saurin da hannunta ya zaɓa, na sa gangar ƙafa a ƙarƙashin manyan takinta huɗu, na bar uku-ukun ƙwaryar yana gudana a sama. Bugun disko yana nan, duk mai rawa zai ji shi a ƙirji, amma ita ce ta gindaya masa inda zai faɗi.

Haka nake ba ka shawara ka yi. Murya da ƙwarya ko kalangu tukuna, fiyano daga baya. Kuma kada ka nace sai bugu 120 ko fiye. Matan da nake kai wa sauti a bukukuwan Birni da Zango da Sabon Gari da lafaya da manyan zannuwa suke shiga fili, rawarsu ta kafaɗa ce da taku, kuma ga abin da na lura, sun fi sakin jiki idan kiɗan ya tsaya a ƙasa-ƙasan wancan ma'auni na bugu 110 zuwa 130. In ya yi sauri da yawa sai ka ga manyan mata sun koma kujera sun bar wa yara fili, su kuwa manyan su ne masu liƙi.

Akwai wurin da disko da waƙarmu suka dace ba tare da wahala ba: amshi. Disko yana rayuwa ne kan gajeriyar jimla da ake ta maimaitawa, mu kuwa da haka muka tashi. Ka nemo ƴan amshi na gaske, mata uku ko huɗu a gaban mikro ɗaya, in da hali har da waɗanda suka yi mata amshi a da. Kada ka ninka muryar yarinya ɗaya a kwamfuta ka ce ka yi amshi, kunne yana ganewa. Inda Turawa suke sa gogensu, ka gwada namu gogen ko gurmi. Algaita tana shiga da kyau idan aka ja ta baya kaɗan, don tana da kaifi. Kakaki da tambari kuwa ka bar su inda suke. A Damagaram kowa ya san na fada ne, kuma sa su a kiɗan rawar biki zai jawo maka maganar da ba ka nema ba.

Maganar Auto-Tune

Auto-Tune na'urar kwamfuta ce mai daidaita sautin murya. Na san za ka so sa shi, domin kusan duk waƙar da ke fitowa daga Kano da nan yanzu da shi ake yi. Abin dariya, waƙar Cher ta 1998 ce ta fara fito da wannan muryar ƙarfen a fili ga duniya. A wurinta sabon abu ne, shi ya sa ya ja hankali. A wurinmu yanzu shi ne abin da kowa yake yi, sabon abu shi ne muryar da ba a taɓa ba. Ban da haka, mawaƙanmu na da suna lanƙwasa murya a tsakanin maɓallan fiyano, suna zamewa daga sauti zuwa sauti. Idan ka ɗaure na'urar da ƙarfi, za ta fizgo kowane sauti zuwa maɓalli mafi kusa, ta goge ainihin abin da ya sa wanda ya ji Hajiya a rediyo shekara talatin da suka wuce zai ɗago kai ya ce, wannan ai wance ce. Da tsohuwar zuma ake magani. In akwai sautin da ya kauce sosai, ka gyara shi shi kaɗai da hannu. Abin da ya fi wannan amfani shi ne ka sauke kiɗan gaba ɗaya da mataki ɗaya ko biyu daga inda take rerawa a ƙuruciya, domin muryar mace takan sauka ƙasa idan shekaru suka ja, kuma kaurin nan da ta samu dukiya ce.

Ko a can ma an yi rigima kan kada a danne muryar mawaƙiya. A 1980 Diana Ross ta yi kundi da Nile Rodgers da Bernard Edwards, gwanayen disko na lokacin. Da ta ji abin da suka haɗa, sai ta ga kiɗan ya danne ta, ta ɗauki faifan aka sake haɗa shi aka fito da muryarta gaba. Masu kiɗan ba su ji daɗi ba, amma kundin ya zama wanda ya fi duk nata kasuwa. Misalin da ya fi kusa da mu shi ne Oumou Sangaré ta Mali. Bayan kundinta na 2009 ta yi shekara takwas ba ta fitar da sabo ba, sannan ta dawo a 2017 da Mogoya, wanda matasan Faransa suka sa wa kayan zamani da bugun rawa. Ba ta bar harshenta ba, ba ta bar molon ƙasarsu ba, ba ta bar ƴan amshi ba. Ita ya kamata ka saurara da kunnen mai koyo, fiye da Madonna.

Wata hanya kuma da ba ka ambata ba ita ce ta Mamman Sani, mai organ ɗin nan na ƙasarmu. Abin da ya ɗauka a gidan rediyo a Yamai a 1978, kamfanin Sahel Sounds ya sake fitar da shi a 2013 yadda yake, kuma shi ya kai shi yin wasa a Turai. Bai sake kiɗa don ya bi zamani ba, tsohon aikin ne ya samu sabbin kunnuwa. Don haka kafin komai ka bi sawun tsofaffin kaset na Hajiya, a gida, a wurin tsofaffin abokan ƙungiyarta, da ma'ajiyar gidan rediyo. A juye su a kwamfuta tun zafi da ƙura ba su gama cinye su ba. Ko disko bai yiwu ba, wannan kaɗai ya isa aiki.

Ƴaƴanta da suke jan ƙafa

Kada ka ɗauke su abokan gaba. A kunnen mutanen garin nan disko yana tafe da hoton mashaya da rawar dare, kuma su suna tunanin surukai da maƙwabta da abin da za a faɗa a bakin masallaci. Suna da hujja. Ni ba malami ba ne, hukuncin kiɗa a addini ba fagena ba ne, kowane gida da malamin da yake bi. Abin da ke hannunka shi ne abin da za a ji da abin da za a gani. Ba dole ka rubuta disko a jikin aikin ba, ka kira shi kiɗan biki ya wadatar. Baitocin su zama na shekarunta: gargaɗi ga amarya da uwar miji, zumunci, kirarin Damagaram, habaicin da babbar mace kaɗai take da bakin yi. Barmani Choge har ƙarshen rayuwarta a 2013 tana tayar da mata rawa da ƙwarya, kuma abin da ya riƙe ta shi ne tana faɗin abin da yarinya ba ta isa ta faɗa ba. Idan ka sa wa Hajiya kalaman soyayyar ƴan shekara ashirin a baki, za a yi ta tura shi a waya, amma don dariya.

A hoton bidiyo ma ba sai ta taka ba. Ta zauna ko ta tsaya cikin shigarta ta mutunci, ƴan mata su yi rawar. Ka kira babban ɗanta ko babbar ƴarta su zauna a sitidiyo ranar ɗauka. Sau da yawa wanda ya zo da niyyar hanawa shi ne yake komawa gida yana rera amshin.

Waƙa goma ta yi yawa

Waɗancan mawaƙa na waje suna yin kundi ne don akwai mai saye. A nan waƙa ta hanyar WhatsApp da TikTok da masu tura waƙoƙi a memori a kasuwar Dole take yawo, kuma ba ko dala da take dawowa ga mai ita ta wannan hanya. Kuɗin mawaƙi yana cikin gayyatar biki, liƙi, wasan Sallah, da wanda ya ɗauki nauyi. Saboda haka waƙa talla ce ga fitowa fili, kuma waƙa goma ba ta fi biyu masu kyau tallatawa ba. Ka yi biyu: tsohuwa ɗaya da kowa ya san ta da ita cikin sabon kiɗa, da sabuwa ɗaya. Ka ba masu kayan sauti biyu ko uku su sa a biki ba tare da sanarwa ba, kai kuma ka tsaya gefe ka kalli ƙafafun mutane. In manyan mata suka miƙe a amshi na biyu, ka ci gaba da sauran. In suka tsaya suna tambayar wace ce amma ba su tashi ba, muryar ta kama, kiɗan ne da gyara.

Wajen haɗa sauti, ka tuna a ƙaramar lasifikar waya da rediyon ɗan kabu-kabu da na fadar masu shayi za a fi jin ta. Ƙasan bas ba ya fita a nan sam, disko kuma in ba bas ya zama fanko. Dabarar ita ce ka bar kalangu ya bi layin bas ɗin a sama, don ko bas ya ɓace a waya, kunne ya ji motsinsa. Ka saurari abin da ka haɗa a waya mafi arha da ke gidanku kafin ka ce ka gama.

Lokacin ɗauka ma yana da muhimmanci ga mai shekaru. A ɗakin ɗauka dole a kashe fanka, kuma a watannin bazara, lokacin da zafi yake haura digiri 40, babu dattijuwar da za ta jure haka ta ba ka murya mai kyau. Tsakiyar hunturu kuma ƙura tana busar da maƙogwaro. Bayan kaka, kafin buji ya yi ƙarfi, ya fi. A ɗauka baiti-baiti, zama gajere, da ruwa mai ɗumi a kusa. Tun da ta daɗe ba ta yi ba, ta yi wasu makonni tana rerawa a gida kullum kaɗan-kaɗan kafin ta zo.

Sai haƙƙin mallaka, wanda ake raina shi har sai waƙa ta yi suna. Waƙoƙin zamanin samariya da yawa ba mai rerawa ce ta tsara su ba, shugaban ƙungiya ne ko wani malamin makaranta. Ka binciko wanda ya tsara, ka je wurinsa ko wurin magadansa da goronka, a yi magana a rubuta, sannan a yi rajistar aikin a hukumar kare haƙƙin mawallafa ta ƙasa, BNDA. Kada kuma ka yanko guntun kiɗan wani faifan waje ka liƙa. Madonna kanta sai da ta rubuta wa mutanen ƙungiyar mawaƙa ta ABBA takardar roƙo kafin su bar ta ta yi amfani da guntun kiɗansu a 2005. In ka yi ba izini, ranar da ka ɗora a YouTube za a iya toshe shi ko kuɗin ya tafi wurin wasu.

Duk abin da na faɗa na faɗe shi ne ban ji muryar Hajiya ta yau ba. Akwai wadda shekara ashirin na hutu suke ƙara wa muryarta zaƙi, akwai wadda dishewa ta zauna mata. In dishewar ta wuce makonni ba ta tafi ba, ko tana jin zafi in ta ɗaga murya, likitan maƙogwaro za a fara gani kafin sitidiyo. Kuma fitowa fili daban take da ɗauka a ɗaki: biki yana son mai iya tsayuwa awa guda, ita kaɗai ta san ko jikinta zai ɗauka. Ka tambaye ta wannan ku biyu, ba a gaban ƴaƴanta ba. In ta ce za ta iya, ka ɗauki muryarta a waya tana rera tsohuwar waƙarta da ƙwarya kawai, minti uku, ba fiyano, ka kawo mu saurara tare mu ga saurin da za a gina kiɗan a kai.